Abin da na ɗinke cikin guzurin Iya

Assalamu alaikum masu wannan shafi, ina muku fatan alheri. Don Allah a sakaya sunana, kuma a yi mini sassauci, ni ma ƙyamar kaina nake ji.

Ni ɗaliba ce daga Rogo, ba na iya ɗaga ido gaban manya. Kakata, Iya, za ta tafi Umara jibi. Kawuna mai gyaran waya ne a kasuwa, shi ya haɗa mata fawa bank da batiran tsohuwar kwamfuta, ya naɗe da baƙin salatif, wai kada cajin wayarta ya ƙare. Da ya miƙo mini na ga gefe guda ya kumbura, yana wani wari mai tayar da zuciya. Na karanta cewa irin wannan batirin litiyam yakan kama da wuta da kansa, shi ya sa ba a sa shi cikin kayan da ake zubawa a ƙasan jirgi, inda ba mai gani balle ya kashe. Na ce, "Kawu, ai ba a yarda..." Ya kwashe da dariya. "Kai, Malama boko! Shi ya sa za mu binne shi cikin garin ƙuli. Ke kika iya ɗinki, ɗauko basilla."

Wallahi na ɗauko. Na tura wannan ƙazamin abu cikin abincin tsohuwa, na ɗinke buhun tsaf, har Iya tana shafa kaina tana cewa, "Allah ya yi miki albarka, kishiyata." Wace albarka? Kunyar mutum ɗaya ta fi ran mutanen jirgi guda? Me karatuna ya amfane ni?

Yanzu buhun yana cikin babbar jakar da za a sa a ƙasan jirgi, liman ya yi addu'a a kanta, Kawu ya sa kwaɗo ya ajiye a ɗakinsa. A gidanmu, wanda ya taɓa jakar matafiyi bayan addu'a ɓarawo ne. Na gwada gaya wa mahaifiyata, ta ce, "Yayana kike so ki tozarta? Rufe mini baki, kada ki yi wa tafiyar mugun fata."

In na gaya wa Iya, na san halinta, tsoro zai sa ta fasa tafiyar da ta daɗe tana roƙon Allah. In na yi shiru kuma wuta ta tashi a jirgi, da hannuna na ɗinke. Jibi da safe mota za ta kai ta Kano.

Jama'a, me zan yi?