Ƙorafin Dalhatu Mai Hoto Kan Fasa Ɗakin Wankin Fim

Shugaban Kwamitin Zaman Lafiya,
Panshekara, Kumbotso.

Daga: Dalhatu Lawan Mai Hoto,
Layin Rijiya, Panshekara.
14 ga Afrilu, 2023.

Ranka ya daɗe,

Game da: Dukan da 'yan sintiri suka yi mini da lalata amanar marainiya

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da kokena kamar haka:

1. Ni mai wankin fim ne irin na da, a ɗakin duhu cikin gidana. Tun watan Maris hotunana ke fitowa da hazo. Da na gano haske ke satar shiga, na toshe taga da ragowar baƙar fata daga majemar Challawa. Ruwan rijiyarmu yana barin tabo, na koma sayen na jarka. Zafi yana ɓata maganin wankin, na riƙa sayo ƙanƙara.

2. Waɗannan gyare-gyare uku su ne hujjar Shu'aibu, shugaban 'yan sintirin layinmu, cewa ƙwaya nake haɗawa. Ko sallama bai yi ya tambaye ni ba.

3. Ranar Talata, 11 ga wata, bayan Azahar, suka ɓalle ƙofar ɗakin duhun da gatari. Suka ja ni ƙasa har tsakar gida, suka rufe ni da gora a gaban iyalina, suka karya mini yatsu biyu. Shu'aibu da kansa ya tuttula mini maganin a ka, har yau idona na hagu bai buɗe ba. Wallahi ko ɓarawon akuya ba a yi masa haka.

4. Lokacin da ƙofar ta faɗi, fim tsirara ne a hannuna. Na Hafsat ne, ɗiyar marigayi Malam Idi, wanda inji ya kashe a wata masana'anta a Sharaɗa tun ana da cikinta. A akwatin mahaifiyarta ta tsince shi, shekara ashirin ba a wanke ba, kuma ba ta taɓa ganin fuskar mahaifinta ba. Ina ihu su rufe ƙofa, suna dariya. Rana ta cinye fim ɗin ƙurmus.

Saboda haka ina roƙon a binciki lamarin, a hukunta masu laifi. Yatsuna za su warke, in Allah ya so. Amma Hafsat za ta zo karɓar hoto ranar Asabar, ni kuwa bakina ba zai iya ba. Ina roƙon a turo Shu'aibu ya tsaya a ƙofar da ya fasa, ya gaya mata da bakinsa.

Naku cikin ladabi da biyayya,

Dalhatu Lawan
(dangwalen hagu, dama tana ɗaure)