Alamar da Ta Ɓace a Maƙabarta

Angona Sani,

Riƙe wannan tukuna: ƙafa ɗaya, jan kai, ba ya cin ciyawa, amma akuyata ba ta rabuwa da shi. Mene ne?

Kana lafiya? Ya aiki, ya yaran? Mu nan Wara lafiya lau, sai zullumi.

Ma'auna, masu awon ƙasa, sun zo makon jiya. Wai layin dogo za a ja daga bakin teku har ya tsallake hamada, kifinmu da albasarmu su isa nesa ba su ruɓe ba, ƙasa duka ta amfana. Haka aka gaya mana ina yarinya da za a gina dam, sai ga shi ruwan dam ya rufe kabarin iyayena. Yanzu sun kafa alamominsu, ɗaya taku uku daga kabarin kakanka.

To, wannan alamar ta ɓace. Mai gari ya ce ran Alhamis kowa zai rantse, wanda aka kama sai 'yan sanda. Kawunka Bala ya ce, "Inna, ba ke ba ce dai?" Na ce ya sha kununsa.

Ka zo kafin Alhamis, kai ka iya magana da ma'aikata. Ku sa ni a addu'a, ka gaida matarka.

Kakarka, Hajo.

Amsar ita ce turken ma'auna. Yana tsakar gidana, akuya na ɗaure a jikinsa.