Littattafan Baba Bayan Ruwan Agusta

Kibiya,
Laraba, 10 ga Satumba.

Zuwa ga Yayana Ishiyaku,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka a can Fatakwal. Allah ya tsare ka a kan hanya, ya ƙara rufin asiri. Mu nan sai godiya. Inna tana fama da gwiwarta kamar kullum, kuma tun rasuwar Baba maganarta ta ragu ƙwarai. Geron Bappa ya yi kyau bana, shanunsa ma sun murmure.

Yaya, na zaɓi rubutu ne domin na san idan na fara wannan zance a waya, kuka ba zai bar ni in kai ƙarshe ba. Ruwan da aka tafka a farkon Agusta ya rushe kusurwar ɗakin karatun Baba a Rurum Tsohon Gari. Ka san ɗakin a kulle yake tun da Inna ta fita takaba, don haka sai da aka kwana huɗu kafin Bappa ya lura. Da na je na tarar littattafan sun sha ruwa sun kumbura, ashe gara ma ta riga ruwan shiga ta ƙasan adaka. Guda goma sha ɗaya sun zama kamar dusa, ba abin da za a ɗauka. Bappa ya haƙa rami a wuri mai tsabta ya binne su, saboda sunan Allah da ke ciki. Inna tana tsaye tana kallo, ta ce mini ji take kamar an sake fita da gawa daga gidan.

Sauran na kwasa na kai wa Malam Saminu mai ɗinkin littattafai a Rano, wanda Baba yake kai wa aiki tun muna yara. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Ya fara yi mini faɗa da ya ji na shanya wasu a rana, ya ce rana ƙona takarda take yi, a inuwa ake buɗe ta shafi shafi inda iska ke kaɗawa. Daga nan ya ce shi yanzu ba ya ganin kafar allura, in ina so a yi aikin sai dai in zauna in ara masa idona da hannuna. Haka na yi ta zuwa daga Kibiya har mako uku, idan na taso daga makarantar Islamiyyar da nake koyarwa.

Mun cire ƙarafunan da ke riƙe da shafuka, waɗanda suka yi tsatsa suka ci takarda, muka jera shafuka kashi kashi, na huda su da basilla, na ɗinke da zaren dukawa wanda aka goga wa kakin zuma don kada ya ruɓe. Malam Saminu bai yarda da gam ɗin kanti ba, ya ce yana bushewa ya karye. Garin rogo ya sa na dama da ruwan ganyen darbejiya, saboda ɗacinsa yana korar ƙwari. Bangon kuwa kwali ne mai kauri, muka ƙarfafa bayansa da ƙyallen tsohon zanen Inna, muka lulluɓe da jemammiyar fatar akuya da Bappa ya bayar. Duk abin da muka yi aiki da shi a gida yake. Yatsuna sun sha suka, amma sannu ba ta hana zuwa, mun kammala goma sha tara.

Abin da ya sa na rubuto maka shi ne littafin fiƙihun nan da ka tsaya a tsakiyarsa, shekarar da ka bar karatu ka bi motar kaya, Baba ya ce kada ka sake tako masa zaure. Baba da kansa ya taɓa yi masa bango da takardar buhun siminti. Da muka ɓare bangon sai wata takarda a ninke ta faɗo. Rubutun ajamin Baba ne, sunanka a sama. Malam Saminu ya miƙo mini, ya tashi ya ce zai je alwala, alhali lokacin salla bai yi ba.

Ka yafe mini, na karanta. Baba ya rubuta cewa ya tsananta maka harshe ranar da ka tafi, kuma tuƙi sana'a ce ta halal, shi ne ya so ya ga kansa a jikinka. Ya ce ya ji labarin haihuwar Adnan, ya yi masa addu'a. Ya ce littafin naka ne, bai ɗauke alamar da ka sa a inda ka tsaya ba. Daga nan ruwa ya narkar da tawadar, layi shida ko bakwai ba a iya gane ko harafi. Na kai wa malamai biyu, sun kasa. Da na faɗa wa Inna, ta ce ta gan shi ranar da ya rubuta ta, shekara goma sha huɗu ke nan. Duk lokacin da ta tuna masa sai ya ce yana jiran ɗan aike, masu zuwa Fatakwal kuwa ba su taɓa yankewa ba. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, Yaya. Na san abin da ka ce mini ranar sadakar uku, cewa ya tafi yana fushi da kai. Ba haka ba ne.

Ban haɗo takardar da wannan ba, ina tsoron kada ta salwanta a hanya. Malam Saminu ya nuna mini yadda na yi mata aljihu a cikin sabon bangon, tana nan a ɗakin Inna. Inna ta ce ba za ta ba kowa ba sai kai, hannu da hannu, kuma ta ce in gaya maka ita ba ta da shekara goma sha huɗu da za ta jira. Ka zo bayan girbi, don Allah.

Ka gaida Anti Afra'u, ka shafa mini kan Adnan da Bushra. Bappa da Goggo Tani suna gaishe ka, haka maigidana Munzali. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya sada mu da alheri.

Wassalam.
Ƙanwarka,
Halima Sadiya