Awon Yatsana Daga Tsafe Zuwa Ingila

Da sunan Allah na fara, amincinsa ya tabbata a gare ka.

Zuwa ga Malam, inuwar gidana, sanyin randata a tsakiyar bazara, ruwan farkon damina mai sa ƙasar Tsafe ta tashi da ƙamshi. Baban Wasila, wanda bakina bai taɓa iya kiran sunansa ba, amma zuciyata ba ta gajiya da kira.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan sanyin Ingila bai kama maka ƙirji ba, kuma kana saka hular ulun da na cusa maka a jaka. Na ba abokin karatunka Abdulrahman wannan takarda tun da zai koma, don akwai maganar da in na ɗauki waya sai harshena ya naɗe, in ɓuge da tambayarka ko ka ci abinci.

Ka ce ka ga wani zobe a shago, ka ƙudura sai ka saya mini. Ka ce a can da harafi ake awon yatsa, kuma kada in wahalar da kaina, kai ka san nawa, K ne. Wai ka tuna ranar da ka goyo ni a keke daga 'Yandoto, ina amarya, lalle bai goge ba, ruwa ya tsare mu a gindin tsamiya, ka tsinki ciyawa ka naɗa mini a yatsa kana kallon wani wuri don kunya. Ni ma ban manta ba, hasken idona. Har yau in hadari ya haɗo daga gabas, sai in ji yatsan nan yana ƙaiƙayi. Wa ya isa ya goge wannan rana? Wane ruwa ne zai wanke ta? Amma Malam, wancan yatsa na 'yar shekara goma sha takwas ne. Tun daga ranar ya tuƙa tuwo, ya matse wanki, ya ɓare gyaɗa, ya ja kunnen yara biyar. Da na ji ka ambaci K sai na kalli yatsana, ban ma san girman K ba tukuna.

Na ce bari in bincika, kada a ɗora magana a kan zato. Na shiga mota zuwa Gusau, wurin wani maƙerin azurfa a kasuwa. Ya ɗauko tarin zobban ƙarfe a ɗaure wuri guda kamar makullan gida, da wata sanda mai tsini mai lambobi a jiki, ya ce in miƙo hannu. Na roƙe shi ya ba ni in gwada da kaina. Ya ƙi. Wai shi ya san mata, sai mace ta matse yatsa ta tura ƙaramin zobe don a ce siririya ce, bayan sati ta dawo a kumbure a ce shi ne bai iya aiki ba, don haka sai ya riƙe da kansa ya juya. Malam, ka san ni. Hannun da namiji bai taɓa riƙewa ba sai kai, shi zan ɗora wa wani a tafi, ga maza zaune a benci suna shan rake? Na mayar da hannuna cikin hijabi, na yi masa godiya da addu'ar kasuwa, na dawo gida yadda na je.

Sai na yi dabarar da har yanzu nake ganin ba ta da aibu. Na kirɓa fura mai tauri, na dunƙula ƙatuwa guda, na tura yatsana a ciki har ya wuce gaɓa, na zare a hankali. Rami ya fito tsaf. Na ce in an kai wa maƙeri sai ya zura sandarsa, ya karanta lamba, shi ke nan, babu wanda ya taɓa wani. Ƙanwata Delu ta zo mana kwana biyu daga Bungudu, na ba ta a kwano ta biya ta Gusau, na ƙara mata wata dunƙulen don guzuri, na nuna mata wadda ta ci da wadda ta awo har sau uku.

Da yamma ta bugo waya ta ce maƙeri ya auna, kuma ya ce a lissafin Ingila K ne.

Ya farin watana, da ka ga matarka a ranar! Na riƙa juya hannu a gaban madubi kamar mai sabon lalle. Na ce ashe Malam bai yi kuskure ba, ashe idona ne ke ƙara mini ƙiba. Sai dai zuciyata ta ƙi kwanciya, don na san yadda awarwarona suke tsayawa a hanya. Na sake kiran Delu na haɗa ta da girman Allah. Ta yi dariya har da tari, sannan ta faɗi gaskiya. Motarsu ta lalace kusa da mararrabar Mada, rana ta take, ga wata Bafulatana da nono mai kyau. Ta dama tata furar ba ta ishe ta ba, sai ta bi da tawa. Da ta isa Gusau ta sayi wata, ta tura nata yatsan, wai ai uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Delu fa, wadda in iska ta taso sai ta riƙe bango.

A nan Shaiɗan ya zo mini da sallama. Ya ce mene ne a ciki? Maƙeri ya ce K, mijinki ya ce K, shaidu biyu ke nan. In zobe ya zo ki sa shi a ƙaramin yatsa, ko ki ajiye a adaka ki ce kina tattalinsa. Ba zan ɓoye maka ba, na saurare shi fiye da yadda ya kamata. Abin da ya ba ni tsoro ba zoben ba ne. Tsorona shi ne ka zauna can nesa kana begen wancan hannu, ka dawo ka tarar da wannan.

Daga ƙarshe maƙwabciyarmu Dorcas mai ɗinki ce ta raba gardama. Ta ce zare yana miƙewa, don haka ta yanko siririyar takarda, ta zagaya mini yatsa a kan gaɓa, ta sa alama da biro, ta shimfiɗa a kan tef ɗinta. Mun auna da safe, mun auna bayan la'asar, suka saɓa, don ashe yatsa ma kumbura yake yi da zafi. Na tambaye ta wanne ne gaskiya, kada in faɗi ɗaya ya zama na yi ƙarya da ɗayan. Ta ce in ɗauki na la'asar in bar ta ta yi ɗinkinta. Na ce ta ɗan sassauta kuma saboda ruwan alwala ya ratsa. Na san malamarmu ta Islamiyya ta ce ba dole ba ne a motsa zobe, amma ka san wasiwasina, in bai juya ba sai in sake alwala har ruwan buta ya ƙare.

Sannan ta buɗe wayarta ta nuna mini yadda ƙasashe suke kiran wannan awo. Malam, duniya ba ta da haɗin kai. Ni da ban taɓa wuce Funtuwa ba, yatsana ya zagaya ƙasashe. Mutanen Faransa sun ce ni hamsin da tara ce, har na ce a yi mini adalci, ban kai ba, sai Dorcas ta ce ba shekaru ba ne, kewayen yatsa ne da milimita. Indiya ta ce goma sha tara. Amurka ta ce takwas da rabi da 'yar ɗoriya, ban san inda aka kai sauran rabin ba. Don haka ka kula, rabin raina, kada ka faɗa wa mai shagon Ingila lambar wata ƙasa, a ba ka abin da za a ɗaura wa akuya a wuya.

A lissafin ƙasar da kake, ni R ce.

Na rubuta, ban kuma goge ba. Na ƙirga daga K zuwa R da harufan da na koya a ajin manya, na ga tafiyar da nisa, kamar daga nan zuwa Bungudu a ƙafa. Amma kowane harafi a gidanka na same shi, da hatsinka, da man gyaɗarka, da kwanciyar hankalin da ka ba ni. In akwai mai laifi a wannan ƙiba, ka duba madubi.

Ina roƙonka, ya sanyin idona, ka koma shagon ka ce a canza. In mai shagon ya ɗaga gira, kada ka ji nauyi. In kana son ganin faɗinsa, ka gwada da ido kawai, in na zinare ne kada ka zura a yatsanka ko da wasa, ka san hukuncinsa ga maza. Yarinyar da kake tunawa ba ta ɓace ba, tana nan ciki, tuwo ne ya lulluɓe ta. Amma wadda take share ɗakinka kullum ko da ba ka nan, wadda take jin ƙarar kowane babur a ƙofar gida ta miƙe tana gyara ɗankwali, ita ce mai R. Ita nake so ka saya wa zobe. Ita nake so ka yi bege.

Ko ya zo daidai ko ya tsaya a gaɓa, hannun naka ne, da safe da la'asar, a kowane lissafi na kowace ƙasa, har ranar da za a naɗe shi a likkafani.

Allah ya dawo mini da kai lafiya.

Matarka mai riƙe maka amana,
Hussaina
Tsafe