Ramar Yaya Sani

Daren Talata, Sabo

Wata biyu ke nan da fara gasar rage ƙiba, ni da Yaya Sani. Na bar amala da shinkafa, shi ya ce mai da kitse zai bari. Tumbina ko gezau, shi kuwa har riguna sun yi masa yawa. Ina ta jin haushi, wai hanyarsa ta fi tawa.

Yau matarsa ta tare ni a ƙofar gida. "Wallahi bai bar komai ba. Kullum tsire mai kitse. Ga ƙishirwa, ga yawan fitsari."

Haka ciwon suga ya fara wa marigayi Baba.

Kuma ranar Juma'a, ni da bakina na ce masa, "Yaya, ci gaba, ka samo hanya."