Ƙwallon Dabinonki Na Nan Bakin Gulbi

Zuwa ga Yaya Dije, duk inda takardar nan ta iske ki.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina gajiya, ina ɗawainiya da iyali? Mu nan Maradun sai godiya. Ni ce Hajo, ƙanwarki.

Kwana uku ke nan na kasa zama wuri ɗaya, kuma jikata Safiya ce sila. Ta zo da wani wasa mai littafi da 'yan ƙwallaye masu lamba, mutum ɗaya na ba da labari, saura su zama mutanen cikinsa. Ita da ƙawayenta sai gardama suke: a bi labari yadda aka tsara shi, ko a bar kowa ya nufi inda ya ga dama? Na ce oho, ai mun riga ku!

Kin tuna mu gindin rumbu muna ɓarar gyaɗa? Inna ta hana mu tatsuniya da rana, wai mai yin ta ɓata yake yi. Kika ce wagga ba tatsuniya ba ce, tafiya ce. Kika zana gulbi da kasuwar Mafara da dajin Faru a ƙasa, kowacce ta ɗauki ƙwallon dabino ya zama ita. In abu ya rikice a watsa ɓawon gyaɗa, in masu kifewa sun fi yawa an faɗi. Ko da kika yi aure ba ki daina zuwa ba.

In ke ke jan wasa, maganarki ɗaya ce: "Ina za ki?" Mu yini muna gantali, labari ba kai ba gindi, haushi kamar ya kashe ni. In ni ke ja kuwa, na san ƙarshe tun ba mu zauna ba. Shi ya sa kika laƙa mini Hajo mai linzami.

Wasanmu na ƙarshe, lokacin da aka tabbatar ruwan madatsar Bakolori zai ci garinmu, ni ke ja. Na shirya kowa ta bi hanya ɗaya zuwa sabon mazauni. Ke kuwa kika tura ƙwallonki bakin gulbi za ki haye. Na ce babu jirgi. Kika ce za ki yi iyo, na ce kadoji sun cika ruwan. Ko ɓawo ban bari an watsa ba. Kika dube ni, kika karkaɗe zane, kika tashi.

Ba a jima ba aka tashe mu. Mijinki ya ƙi filin da aka nuna masa, kuka haye gulbin gaske, ba ki gaya mini inda za ku ba. Inna har ta rasu tana cewa tatsuniyar rana ce ta ɓatar da ke. Ni na tsinci ƙwallonki na ƙulle a tsumma.

To Yaya, Safiya ta samu aikin asibiti can kudu, kuma ranar Jumma'a za ta ba su amsa. Ubanta ya bar magana hannuna, don ni na raine ta. Shekaranjiya na ji bakina yana jera mata nisa da 'yan fashi da rashin dangi, da muryar nan tawa ta gindin rumbu. Ta dube ni irin kallonki na ranar nan.

Tsoro nake ji, wallahi. Amma gobe zan kwance tsumman in danƙa mata ƙwallonki, in tambaye ta ina za ta, in cije harshena har ta gama.

Allah ya sa kina raye, ya tsare ki, ya tsare Safiya duk hanyar da ta ɗauka. In kin riga mu, Allah ya haskaka makwancinki.

Akwai jirgi ranar nan, Yaya. Ni na ɓoye shi don kada ki tafi.

Ƙanwarki mai linzami,
Hajo