Lallen da na sa wa Inna

Zuwa ga Yaya Mubarak,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙarfin jiki? Allah Ya sa aikin zuciyar da za a yi maka ya zama sanadin samun lafiya. Mu nan Meknes, a Maroko, kowa ƙalau. Maigidana Hammadi ya fara tsinkar zaitun, tarin Inna ma ya yi sauƙi.

Yaya, bakina ya yi nauyi a waya, shi ya sa na ɗauki biro. Inna ba za ta iso Faransa kafin a shiga da kai tiyata ba, kuma ni na jawo. Duk abin da masu biza suka nema mun haɗa, takardar gayyatarka, ta likita, inshora, hotuna. Ya rage kawai a ɗauki zanen yatsunta a ofishinsu da ke birnin Fas. To ka san ni da zumuɗi. Ana gobe za mu je na kwaɓa lalle, na ce uwar da za ta ganin ɗanta ba za ta fita da hannu fari fat kamar mai takaba ba. Ta ce in bari tukuna, na yi mata dariya, na zaunar da ita na lafta mata har kan yatsu. Maƙwabciyarmu Lalla Rakiya sai guɗa take, wai tsohuwa za ta samo mijin Bature.

Da muka je, na'urar ta ƙi karanta yatsa ko ɗaya. Ma'aikaciyar ta goge, ta sake gwadawa, sannan ta ce sai lallen ya fita, mu nemi wata rana. Ranar da muka samu tana can bayan an gama aikinka.

Tun da muka dawo ko harara Inna ba ta yi min ba. Tana zaune a tsakar gida tana dirzar yatsunta da lemon tsami da dutsen kaushi, har fatar ta fara saluɓewa. Da ma zagina ta yi, wallahi da na fi jin sanyi. Jiya na ji tana gaya wa Lalla Rakiya wai ita ta nace a yi mata kwalliya, tsufa da rawar kai. Haka ta ce in rubuta maka, ni kuwa na kasa.

Ka gaida matarka Hafida, da yara Nizar da Ikram. Ka ce da Hafida, in za a shiga da kai, ta dafa kanka ta yi maka addu'a a madadin Inna. Ka yafe min, Yaya.

Ƙanwarka,
Zuhur